Tambayoyi da amsoshi kan sa manhajar MPI ta riƙa gina kanta a manyan kwamfutoci

Na tara waɗannan ne daga tambayoyin da ƙannena ɗalibai suke ta maimaita min, musamman waɗanda suka samu akawun a babbar kwamfuta karon farko, ga tsohon kod na Fortran ko C++ da suka gada a wajen malaminsu, an kuma ce musu su saita shi ya riƙa gina kansa yana gwada kansa duk sanda aka taɓa shi. MPI ita ce ƙa'idar da manhaja take bi ta raba aiki ga kwafinta da yawa, waɗanda nake kira ma'aikata, suna aika wa juna saƙo. Na bar tambayoyin kusan yadda suka zo min. Wasu amsoshin gajeru ne, wasu kuma na ja su sosai don a nan ne mutane suka fi shan wuya.

Yaya, wai mene ne ginin kai tsayen nan, ba make nake bugawa da hannuna komai ya tafi daidai ba?

Yana tafiya daidai a hannunka, a tagar da ka buɗe yau, da modul ɗin, wato kayan aikin da injin ya tanada, da ka loda tun safe ka manta cewa ka loda su. Abin da ake kira CI shi ne ka rubuta duk matakan a fayil, na GitLab sunansa .gitlab-ci.yml, sannan a samu wani ɗan aike da ake ce wa Runner wanda duk sanda aka tura gyara zai ɗauko kod ɗin, ya fara daga wuri fes babu komai, ya gina, ya yi gwaji, ya dawo da kore ko ja. Amfaninsa na farko ma ba kama kuskuren kod ba ne, tona abin da ke kanka kawai wanda ba ka rubuta ba ne. Duk abin da ba ya cikin fayil, a wajen ɗan aiken nan babu shi.

To me zai hana na bar wa GitHub Actions komai, tunda kyauta ne?

Shi ma CI ne amma a injinan GitHub yake gudana. Ka ba shi rabin aikin, wallahi yana da amfani. A can za ka iya sa Open MPI ko MPICH, manyan laburaren MPI guda biyu, daga ma'ajiyar Ubuntu, ka gina, ka yi ƙananan gwaje-gwaje da ma'aikata biyu ko huɗu cikin 'yan mintuna. Idan Open MPI ya ƙi tashi yana cewa babu isassun gurabe sai ka ƙara masa --oversubscribe, idan kuma a cikin kwantena kake a matsayin root zai ƙi sai ka ba shi --allow-run-as-root. Wannan zai kama maka yawancin kurakuran rubutu tun kafin ka taɓa babban injin.

Amma fa injin nasu kwamfuta ɗaya ce mai 'yan kwakwale kaɗan, babu wayoyi masu sauri da ke haɗa kwamfutoci irin InfiniBand ko Slingshot, babu Slurm mai raba layin aiki, kwamfailarta ba irin ta cibiyarku ba ce. Koren can yana nufin kod ɗin ya haɗu a can. Ko zai yi aiki a kan nod ɗari, wato kwamfutoci ɗari, na injin da za ka fitar da sakamakon digirinka, wannan wata magana ce daban, dole a gwada ta a kan injin da kansa.

A ina zan yi ginin, a nod ɗin da nake shiga ko a nod ɗin lissafi?

Ka ɗauki nod ɗin shiga kamar zaure, kowa ta nan yake bi, a nan ake gaisawa a gyara fayil a miƙa aiki, nod ɗin lissafi kuma su ne cikin gida, ba a shiga sai mai raba layi ya ba ka izini. Cibiyoyi da yawa sun yarda a yi ɗan ƙaramin gini a zaure, amma CI ba mutum ba ne da zai ji nauyi, idan ka rubuta masa make -j64 haka zai riƙa bugawa sau ashirin a rana, mutanen da suke zauren su kasa ko buɗe fayil. Dan Allah kar ka yi haka, injin na jama'a ne.

Akwai kuma dalili na biyu wanda ya fi cizo. Ba lallai ne furosesan zaure ya zama iri ɗaya da na ciki ba. Idan ka sa -march=native, kwamfaila za ta duba injin da take tsaye a kai ta yi gini daidai da shi, sai ka kai manhajar ciki ta faɗi nan take da Illegal instruction, ko kuma ta yi aiki amma ta bar rabin ƙarfin furosesan a ƙasa ba ka sani ba. Ko dai ka yi ginin a cikin aikin da ka miƙa wa Slurm, ko ka rubuta sunan furosesan da kake nufi ƙarara. Haka ma tsofaffin sikirif na configure da suke gina 'yar ƙaramar manhajar MPI su kunna ta don gwaji, a wasu injinan zaure ba ya barin a kunna irin wannan, sai configure ya yanke hukuncin wai MPI ɗinka ba ya aiki alhali lafiyarsa ƙalau.

Na sa module load a sikirif, ya ce min command not found, amma da hannu yana yi.

Saboda module ba manhaja ba ce da ke zaune a faifai, aiki ne na cikin bash wanda ake saita maka lokacin da ka shiga, shi kuma ɗan aike sau da yawa ba ta ƙofar shiga yake bi ba. Ka fara sikirif ɗin da #!/bin/bash -l, ko ka kira fayil ɗin farawa na Lmod ko na Environment Modules da kanka, yawanci yana cikin /etc/profile.d. Bayan nan abu na farko module purge, sannan ka loda kowane modul da cikakkiyar lambarsa, gcc/12.2.0 misali, ba gcc tsura ba. Sai dai a injinan Cray ka yi hattara da purge don yana iya kwashe har da abin da tsarin yake buƙata, a can module reset ko sauya PrgEnv ya fi.

CMake ya ce ya samu MPI amma ba wanda na loda ba ne.

Da farko ka gane mpicc ba kwamfaila ba ce, riga ce kawai aka sa wa gcc ko icx ko clang, tana ƙara hanyar fayilolin kai da laburare. Ka leƙa ƙarƙashin rigar, a Open MPI ka buga mpicc --showme, a MPICH da danginsa mpicc -show, za ka ga ainihin abin da ake kira.

A CMake, wato kayan tsara gini, hanya mai kyau ita ce find_package(MPI REQUIRED) sannan ka haɗa da MPI::MPI_C ko MPI::MPI_CXX ko MPI::MPI_Fortran, waɗannan suna nan tun CMake 3.9. Matsalar takan zo ne idan akwai wani MPI na tsarin a /usr, ko kuma conda ta shigo da nata ta tsaya a gaba cikin PATH, wannan na biyun na gan shi ya fi a ƙirga. Ka faɗa masa kai tsaye da -DMPI_C_COMPILER, kuma kullum CI ya fara da sabon foldan gini, don CMakeCache.txt ba ya mantuwa, abin da ya gani ranar farko shi zai riƙe ko ka sauya modul sau goma. A injinan Cray kamar Frontier na Oak Ridge ko LUMI na Finlan ko Perlmutter, rigunan sunansu cc da CC da ftn, MPI yana cikinsu tuni, su za ka miƙa wa CMake a matsayin kwamfaila. Idan kuna aiki a injina fiye da ɗaya, ku ba kowane inji nasa saitin a CMakePresets.json, tun 3.19 ake da shi, ya fi a yi ta cusa if if cikin CMakeLists.

Na kunna ma'aikata huɗu, kowannensu yana cewa shi ne lamba 0 cikin 1. Me ke faruwa?

Wannan ita ce tambayar da na fi so kowa ya karanta ko bai taɓa gamuwa da ita ba, don ita ba ta zuwa da ja, da kore take zuwa.

Abin da ya faru shi ne da MPI ɗaya ka yi gini, da mai kunnawar wani ka kunna. Misali ka gina da MPICH ka kunna da mpirun na Open MPI, ko ka kunna da srun na Slurm amma yaren da srun yake yi da ma'aikata lokacin tashi, wato PMI-2 ko PMIx, ba shi laburarenka yake ji ba. Sai kowane ma'aikaci ya tashi bai ga 'yan uwansa ba, ya ɗauka shi kaɗai ne a duniya, ya yi aikin gaba ɗaya shi ɗaya, ya fita lafiya. Huɗu suka yi aiki iri ɗaya sau huɗu, amsa ta fito daidai, gwaji ya wuce.

Ni kaina na zauna da irin wannan koren makonni a wata cibiya da na yi aiki. Duk gwajin da muka ce na ma'aikata da yawa ne, a zahiri na mutum ɗaya ne ake maimaitawa, kuma a cikin makonnin nan wani kuskure ya shiga wajen musayar bakin iyaka tsakanin ma'aikata babu abin da ya kama shi. Wata ɗaliba ce ta lura layin farko na log yana fitowa sau huɗu maimakon sau ɗaya, ta zo ta nuna min a allonta da yatsa. Sai da muka sake lissafin da aka riga aka sa a rahoto, abin ya dame ni ƙwarai don mutane sun dogara da wannan koren.

Tun daga ranar gwajin farko a kowane CI nawa 'yar manhaja ce mai layi kusan goma, tana kiran MPI_Comm_size, tana kwatanta da adadin da aka ce mata ta sa rai, idan bai yi daidai ba ta faɗi da ƙarfi kafin a je ko'ina. Ka buga srun --mpi=list ka ga abin da injinku yake da shi. A CMake kuma kar ka rubuta mpirun da hannu cikin add_test, ka yi amfani da MPIEXEC_EXECUTABLE da MPIEXEC_NUMPROC_FLAG, ta yadda a injin da srun ake amfani da shi sai ka sauya a wuri ɗaya.

Kuma dalilin da ya sa ba a haɗa gidajen nan biyu, a MPICH MPI_Comm lamba ce kawai irin int, a Open MPI kuma manuni ne zuwa wani tsari a ƙwaƙwalwa. Ƙa'idar MPI tun fitowarta a 1994 sunayen ayyuka ta daidaita, ba ta daidaita yadda suke a cikin ginanniyar manhaja ba sai a MPI 5.0 ta 2025. Intel MPI da MVAPICH da Cray MPICH duk zuriyar MPICH ne shi ya sa suke ɗan jituwa da juna, Open MPI gidansa daban.

Yaya CI zai jira aikin da na miƙa wa Slurm ya gama?

Idan ka buga sbatch tsura, yana miƙa aikin ne ya dawo nan take ya ce an karɓa, CI kuma ya ga babu kuskure ya kunna kore alhali aikin ko layi bai bari ba. Ka sa sbatch --wait, zai tsaya har aikin ya ƙare ya dawo da lambar fitarsa. A injinan da suke amfani da PBS Pro, kamar Lengau na cibiyar CHPC a Kef Tawun, makamancinsa shi ne qsub -W block=true.

Amma lambar fitar aikin ita ce ta umarni na ƙarshe a sikirif ɗinka. Idan ctest, mai kunna gwaje-gwajen CMake, ya faɗi sannan a ƙasa ka rubuta echo an gama, to echo ya yi nasara, aiki ya yi nasara, kore. Ka sa set -e a sama. Idan kuma kana tura fitarwa ta bututu zuwa tee don ajiye log, ka ƙara set -o pipefail, in ba haka ba sakamakon tee ake gani ba na ctest ba. Bayan ka gama saitawa ka ɓata gwaji ɗaya da gangan ka tura, ka ga da idonka ya yi ja. CI da ba ka taɓa ganin jansa ba, ban yarda da korensa ba.

Sauran abu biyu. Lokacin jira a layi yana cin lokacin CI, a GitLab awa ɗaya ne idan ba ka sauya ba, to ka nemi ɗan lokaci a --time da nod kaɗan don ƙananan ayyuka sun fi saurin samun gurbi, ka kuma tambaya ko akwai sashen debug. Sannan idan aka soke CI aikin da ke layin Slurm ba ya mutuwa da kansa, ka karɓi lambarsa da --parsable ka ajiye a fayil, ka sa scancel a matakin share fage.

Malam, zan iya kunna Runner da kaina a zaure cikin tmux na bar shi?

Ka tambayi masu kula da injin tukunna, da gaske nake. Runner ƙofa ce, duk wanda zai iya tura kod zuwa ma'ajiyarku zai iya kunna umarni a injin da sunanka, da awanninka, da damar karanta duk fayil ɗin da kake iya karantawa. Idan ma'ajiyar a buɗe take ga duniya, baƙon da ba ka sani ba zai iya turo gyara ya sauya sikirif ɗin gwaji ya sa abin da ya ga dama, GitHub da kansu suna gargaɗi kan haɗa Runner na gida da buɗaɗɗiyar ma'ajiya. Akawun ɗin nan amana aka ba ka, ka sa hannu a takarda.

Saboda wannan matsalar ne aka yi Jacamar CI a ƙarƙashin shirin Exascale Computing Project na ma'aikatar makamashin Amurka. Yana zama tsakanin GitLab Runner da mai raba layi, yana gano wanda ya tayar da aikin ya kunna shi da akawun ɗin wannan mutumin, kai kuma a fayil ɗinka sai ka rubuta adadin nod da lokaci a SCHEDULER_PARAMETERS shi ya miƙa. Masu kula da inji ne suke kafa shi ba kai ba. Idan cibiyarku ba ta da shi, mafi ƙarancin abin yi shi ne gyaran baƙo ya tsaya a gwajin waje, ba ya isa babban inji sai wani daga cikinku ya karanta ya amince.

Ma'aikata nawa ya kamata na yi gwaji da su?

1, 2, 3, sannan wani adadi da ya ratsa nod biyu. Ukun nan kar ka tsallake shi, kod da yawa suna raba aiki da tunanin adadin zai rabu daidai, a 2 da 4 da 8 lafiya, a 3 ko 7 sai layin ƙarshe na jadawali ya ɓace. Nod biyu kuma don saƙo ya fita ta waya da gaske, a cikin nod ɗaya ta ƙwaƙwalwa yake wucewa. Ka sa wa kowane gwaji PROCESSORS a CTest don ctest -j ya san nauyinsa kar ya ɗora goma a kan kwakwale huɗu, idan kuma akwai OpenMP ka rubuta OMP_NUM_THREADS da kanka.

Gwajin bai faɗi ba, bai kuma gama ba, ya tsaya cak.

Cirko-cirko ke nan, kowa yana jiran kowa. Wanda aka fi gani shi ne ma'aikata biyu kowanne ya fara da MPI_Send zuwa ga ɗan uwansa kafin MPI_Recv. Idan saƙon ƙarami ne laburare yana karɓa ya ajiye a ma'ajiyarsa ya sallame ka, sai komai ya wuce, amma da saƙon ya haura wani girma sai ya ce ba zai saki ba sai mai karɓa ya shirya, shi kuma mai karɓar yana can yana jiran nasa aiken. Girman nan ya bambanta daga laburare zuwa laburare, daga waya zuwa waya, shi ya sa kod zai yi shekaru lafiya a laftof ya zo ya maƙale ranar farko a babban inji. Kuskuren na kod ne, ƙa'idar MPI ba ta taɓa alkawarin za a ajiye maka ba.

A gwaji ka iya mayar da MPI_Send zuwa MPI_Ssend na ɗan lokaci, shi ba ya sallama sai an fara karɓa, zai tona wurin ko da ƙaramin saƙo. Akwai kuma MUST, kayan aikin da jami'ar RWTH Aachen ta Jamus take cikin masu kula da shi, yana gano irin wannan. Gyaran kuwa MPI_Sendrecv ne ko MPI_Isend da MPI_Irecv. Kuma kowane gwaji ya samu TIMEOUT nasa, gwajin da ke ɗaukar daƙiƙa 20 ka ba shi minti biyu, kar ka bar shi ya riƙe nod har lokacin aikin ya ƙare ana caje ku.

Amsa tana sauyawa a lambobin ƙarshe idan na sauya adadin ma'aikata. Kuskure ne?

Yawanci a'a. Buɗe Python ka buga (0.1+0.2)+0.3 za ka ga 0.6000000000000001, ka buga 0.1+(0.2+0.3) za ka ga 0.6. A lissafin kwamfuta jerin yadda aka tara yana taɓa amsa, shi kuma MPI_Allreduce da ma'aikata 4 ba jeri ɗaya yake bi da na ma'aikata 7 ba. Ƙara da cewa kwamfailoli suna sake jera lissafi don sauri, ta Intel tana yin haka ko ba ka ce ba sai ka sa -fp-model precise, GCC kuma sai ka sa -ffast-math ko -Ofast.

To kar ka kwatanta fayil da diff. Ka kwatanta da ɗan rangwame, amma rangwamen ya fito daga ilimin lissafin da kuke yi, ku zauna da malaminku ku yanke shi ku rubuta dalili a gefensa. Abin da nake roƙo kar a yi shi ne gwaji ya yi ja sai a ƙara rangwame har ya koma kore, a haka ake binne kuskure na gaske. Inda akwai abin da dole ya tsaya yadda yake, kamar jimillar nauyi ko makamashi, shi ma a gwada shi daban.

Nod ɗin lissafi ba su da intanet, ta yaya zan samo laburare irin HDF5 da PETSc da sauransu?

Da gangan ake rufe su a cibiyoyi da yawa. Ka raba aikin biyu, mataki na farko a inda akwai intanet ya sauko da komai, na biyu ya yi gini. Amma tun farko ma bai kamata kowane gyara ya sake gina PETSc daga tushe ba. Ka duba ko cibiya tana da su a modul, cibiyoyin Turai da yawa da EasyBuild suke gina nasu, wanda ya fito daga jami'ar Ghent ta Beljiyam. Idan babu sai Spack, shi ma kayan gina laburare ne, wanda Todd Gamblin ya fara a 2013 a Lawrence Livermore. Ka rubuta buƙatunka a spack.yaml, ka ajiye spack.lock da ya fito a ma'ajiya don shi ne yake riƙe ainihin sigar kowane abu, ka gina sau ɗaya ka ajiye a buildcache.

Abu ɗaya da zan jaddada, ka nuna wa Spack MPI na injin a packages.yaml ka sa buildable: false. Idan ka bar shi zai gina maka sabon Open MPI nasa wanda bai san wayar injin ba, manhaja za ta yi aiki amma ta bi ta TCP a hankali, babu saƙon kuskure ko ɗaya.

Docker fa?

Masu kula da injin ba za su ba ka ba, yana buƙatar iko irin na root a injin da ɗaruruwan mutane suke rabawa. Apptainer ake amfani da shi, wanda a da Singularity ne kafin a sauya suna a 2021, kuma yana iya ɗaukar hoton Docker ya mayar nasa. Yana taimakawa sosai wajen laburare, sai dai bai raba ka da maganar MPI ba, na cikin kwantena dole ya jitu da na waje ko kuma a shigo da na wajen ciki. Gwajin ƙidayar ma'aikatan nan da na faɗa a sama, a nan ma shi ne farko.

Tsohon kod ɗinmu na Fortran ya ƙi haɗuwa da sabuwar gfortran, yana ta kukan Type mismatch a kiran MPI.

Daga GCC 10 na 2020 ne gfortran ta mayar da wannan kuskure maimakon gargaɗi, kuma kod mai include 'mpif.h' shi ya fi shan sa. Maganin gaggawa -fallow-argument-mismatch, na dindindin a koma use mpi ko use mpi_f08. Ka kuma sani fayilolin .mod ba sa tafiya daga wata kwamfaila zuwa wata, MPI da aka gina da ta Intel ba zai yi da gfortran ba.

Gini yana ɗaukar minti biyar a laftof, a babban inji rabin awa.

Lustre ko GPFS, wato ma'ajiyar fayiloli da duk nod suke rabawa, kake gini a kai. An yi su ne don manyan fayiloli da nod da yawa suke rubutawa lokaci ɗaya, dubban ƙananan fayilolin gini kuwa kowanne sai ya je ya yi layi wajen sabar da ke riƙe sunaye. Ka yi ginin a faifan nod ɗin kansa, /tmp ko inda TMPDIR ya nuna, sannan ka kwafe abin da ya fito zuwa wurin da duk nod suke gani kafin ka kunna gwajin nod biyu. ccache ma yana rage lokaci sosai. Kar ka ajiye abin da kake so ya daɗe a scratch, ana share shi lokaci-lokaci.

Idan akwai GPU fa?

A zaure sau da yawa babu GPU, to kar ka bar CMake ya yi hasashe. Ka rubuta CMAKE_CUDA_ARCHITECTURES da kanka, 70 na V100, 80 na A100, 90 na H100, na AMD MI250X irin na Frontier da LUMI kuma gfx90a a CMAKE_HIP_ARCHITECTURES. Idan kana miƙa wa MPI manunin ƙwaƙwalwar GPU kai tsaye, sai laburaren ya san da haka, a Cray MPICH sai ka sa MPICH_GPU_SUPPORT_ENABLED=1 lokacin kunnawa kuma an haɗa da laburaren da ya dace lokacin gini, in ba haka ba faɗuwa zai yi.

Duk wannan ba zai cinye mana awannin da aka ba mu ba?

Zai ci idan ba ku tsara ba. Ni yadda nake yi, kowane gyara yana bi ta gwajin waje mai arha, wanda za a haɗe cikin babban reshe yana samun nod ɗaya ko biyu na 'yan mintuna, babban gwaji da kwamfailoli daban-daban kuma sau ɗaya da dare ko a mako. Ka lissafa da kanka, nod 2 na minti 10 sau 5 a rana awa ɗaya da minti arba'in ne na nod, ka kwatanta da babban lissafi ɗaya na nod 64 da ya yi awa 12 a kan kod mai kuskure. Idan kuna son bin sauri ma ba daidaito kawai ba, ku duba ReFrame na cibiyar CSCS ta Suwizalan, don irin wannan aka yi shi.

Jiya kore, yau ja, kuma wallahi ban taɓa komai ba.

Na yarda da kai, injin ne ya motsa a ƙarƙashinka. Cibiyoyi suna rufe inji don gyara, idan ya dawo sai ka tarar an sauya kwamfailar da ake lodawa kai tsaye, ko an cire tsohon modul, ko an sabunta direban GPU. Shi ya sa gwajin dare yake da amfani ko babu wanda ya tura komai, yana nuna maka ranar da abin ya sauya.

Ka sa kowane aiki ya buga waɗannan a saman log kafin ya fara, module list, sigar kwamfaila, abin da mpicc yake kira a ƙarƙashi, sunan nod, sannan bayan gini ldd a kan manhajar don a ga wane libmpi ta kama. Ka ajiye log ɗin a matsayin kayan aikin CI. Ranar da ya yi ja sai ka ɗora na jiya kusa da na yau ka bi layi-layi, yawanci kafin ka kai layi na ashirin ka ga bambancin. Idan za ka rubuta wa masu kula da injin kuma, ka haɗa musu log ɗin biyu da lambar aikin Slurm na kowanne, da wannan za su iya dubawa nan take ba sai sun dawo suna tambayarka ba.